Waƙoƙin da Na Tashi da Su Tsakanin Batsari da Safana

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, ba al'adar malamanmu ba ce su faɗi waƙar da suke so. Idan ka tambayi malami hukuncin waƙa, nan da nan zai jawo littafi ya buɗe maka babi. Amma in ka tambaye shi wace waƙa ce in ya ji ta idonsa ke cikowa, sai ya yi gyaran murya ya tambaye ka lafiyar iyali. Alhali kuwa babu wanda ya girma a ƙasar Hausa da kunne a toshe. Da waƙa aka yi mana reno, da ita aka niƙa hatsin da muka ci, da ita aka nome gonar da hatsin ya fito, kuma da ita muka fara sanin siffofin Manzon Allah tun ba mu iya rarrabe alu da ba ba. Saboda haka yau zan faɗi nawa, ni da aka haifa a wani ɗan ƙauye na ƙasar Batsari, mahaifiyata kuwa mutuniyar ƙasar Safana ce, daga wajen Runka. Abin da ya sa na ga ya kamata in faɗa yanzu shi ne, yawancin wuraren da na ji waƙoƙin nan sun yi shiru a 'yan shekarun nan, waɗansunsu ma sun zama kufai.

Na san akwai mai cewa, to Malam, ina hukunci? Ba zan tsallake shi ba, ko da yake ba zan daɗe a kansa ba. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda kusan kowane almajiri a ƙasar nan ya karanta, ta hana mutum ya tsaya da gangan yana sauraren kayan kiɗa da rera waƙa. Ibn Ƙayyim ya tsananta fiye da haka a cikin Igasatul Lahfan. Ibn Hazmi na Andalus kuwa bai ga ingancin hadisan hanin ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 ta Hijira, ya keɓe littafi guda cikin Ihya'u a kan ladubban sauraro, ya nuna cewa hukunci yana bin abin da ake faɗa, da wanda ke faɗa, da wanda ke ji, da abin da sauraron ke tayarwa a zuciya. A nan gida ma, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tsananta a rubuce-rubucensa na farko, daga baya a Najmul Ikhwan ya kawo saɓanin malamai ya sassauta, ƙaninsa Malam Abdullahi na Gwandu kuwa ya tsaya a kan tsanantawa. To, in wa da ƙani irin waɗannan sun saɓa, ba su kuwa fasa salla a sahu ɗaya ba, ni ban ga abin da zai sa mu mu riƙa jifan juna ba. Sa'an nan babu jayayya a kan waƙar da ba kiɗa a cikinta, maganarta kuma tsabtatacciya ce. Hassanu ɗan Sabitu yakan rera tasa a cikin masallacin Madina, Sahabbai kuma sun yi ta amsa waƙa suna haƙa ganuwa a shekarar yaƙin Handaƙu, Manzon Allah yana tare da su yana ɗaukar ƙasa.

Akwai wani labari a Sahihul Buhari da Muwaɗɗa wanda na karantar da shi shekara da shekaru, amma sai a 'yan shekarun nan na ji nauyinsa. Sa'ad da aka yi hijira zuwa Madina, zazzaɓi ya kama Sayyidina Abubakar da Bilalu. Nana A'isha ta je gaishe su. Ta ba da labari cewa Bilalu, in zazzaɓin ya ɗan sake shi, sai ya ɗaga murya yana rera waɗansu baitoci na begen Makka, yana ambaton ciyayin kwarinta, da wani mashayar ruwa, da duwatsu biyu da ya saba gani, kowanne da sunansa. Ku duba fa, wannan mutum a Makkan nan aka kwantar da shi cikin rana aka ɗora masa dutse a ƙirji. Duk da haka garinsu ne. Da aka gaya wa Manzon Allah bai tsawata masa ba, addu'a ya yi Allah Ya sanya musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye. Daga wannan na ɗauki cewa wanda aka raba da garinsu, in ya yi waƙar begensa, bai yi laifi ba. Ku riƙe wannan labari, za mu bukace shi a gaba.

Ta farko a wurina, wadda babu wadda ta kama ƙafarta, ita ce Ishiriniya. Mai ita Abu Zaid Abdurrahman Alfazazi ne, mutumin Andalus, ya rasu a Marrakush a shekara ta 627 ta Hijira, watau 1230. Sunanta na asali Alwasa'ilul Mutaƙabbala. Ƙasidu 29 ne, kowace da harafin da baitocinta ke ƙarewa da shi, kowace kuma baiti 20, daga nan sunan Ishiriniya ya fito. In ka lissafa baiti 580 ke nan. Daga baya Ibn Mahib ya yi mata tahamisi, watau ya ƙara ɗango uku a gaban kowane baiti ya zama mai ɗango biyar, kuma da wannan tahamisin ne muke karanta ta. Mu Katsinawa muna da wani haƙƙi na musamman a kanta, domin Wali Ɗanmasani, wanda unguwar Masanawa ke ɗauke da sunansa a birnin Katsina, ya rasu a 1667, ya yi mata sharhi mai suna Annafhatul Ambariyya. Ashe fiye da shekara 350 ke nan ana warware kalmominta a ƙasar nan.

Duk wannan sai da na girma na san shi. Abin da na sani ina yaro shi ne, da zarar watan Rabi'ul Awwal ya tsaya, bayan sallar lisha za a share ƙofar gidan limaminmu a yayyafa ruwa, a shimfiɗa tabarmi da buzaye, a rataya fitilar ƙwai a jikin dogon yaro. Wani tsoho ne mai jan baƙi, manomi ne kurum, ba ya ba da fatawa, ba a ma kiransa malam sai a watan nan. Muryarsa ba ta da zaƙi irin na masu kaset na yanzu, tana da kaushi kamar an ja garma a fako, amma in ya ɗaga ta ana ji har bayan gari. Shi zai ja ɗango huɗu, jama'a su karɓe na biyar gaba ɗaya, su ja ƙarshensa har numfashi ya ƙare. Mu yara muna can gefe, ba mu san ma'anar kalma ko ɗaya ba, amma mun san inda za a karɓa, kuma mun san in an kai wani wuri tsohon nan zai yi shiru, ya sa hannun riga ya share fuska, a jira shi. Mata suna jin komi daga bayan danga. Can dare ya raba a kawo kunu da waina, wani lokaci da dafaffen rogo, a ci a watse. Mai nisa ya kama hanyar ƙauyensu shi kaɗai cikin duhu da 'yar sandarsa, ba abin da yake tsoro sai maciji.

Da na shiga Kwalejin Horon Malaman Arabiyya ta Katsina, na fara nahawu da balaga da aruli, sai na koma wa Ishiriniya da ƙamus a hannu. Larabcinta mai tsauri ne ƙwarai, har malamai sukan gwada almajiri da ita. A nan ne na gano wurin da tsohon nan yake yin shiru. Baitoci ne na mutumin da ke zaune a yammacin duniya, nesa da Madina, yana kukan nisa da rashin guzuri da nauyin zunubi. Alfazazi daga Andalus yake hangen Madina, tsohonmu kuwa daga gindin dogon yaro a ƙasar Batsari, kuma bai taɓa zuwa Hajji ba har Allah Ya karɓi abinsa. Ban san iyakar Larabcinsa ba a ma'aunin makaranta, amma lalle ya san abin da wurin ke cewa. Har yau in na zo baitocin nan a gaban ɗalibai ina fassara, muryarsa nake ji a ƙarƙashin tawa.

Ta biyu ita ce Imfiraji ta Alhaji Aliyu Namangi na Zariya, makaho mai ganin zuci, wanda ya rasu a 1990. Ita wannan a kasuwa na san ta. Mahaifina ɗan kasuwa ne mai ƙaramin jari, yakan sayi dankali da rogo a ƙauyuka ya kai kasuwar Batsari ran Alhamis, in an yi hutun makaranta ni ke tsare masa kaya. Akwai wani makaho da yaron da ke yi masa jagora, sukan bi rumfa rumfa, shi yana rerawa yaron yana karɓa masa. Ku 'yan kasuwa kun san yadda ciniki yake in ya yi zafi, mai saye yana rantsuwa mai sayarwa yana rantsuwa, kowa ya manta da akwai gobe. To, sai makahon nan ya tsaya a bakin rumfa ya shiga baitocin da ke bayanin mutuwa da kabari da ruɗin duniya, da Hausar da ko jariri ya ji ya gane. Na sha ganin mahaifina ya saki mudu yana saurare. Wata rana bayan sun wuce ya kira wata mata da ta riga ta yi nisa, ya ƙara mata dankali biyu a kan kashin da ta saya, bai ce mini komi ba, ni ma ban tambaya ba.

Masana waƙa sun nuna cewa karin Imfiraji daga kiɗan caji ya samo asali, wani kiɗan duniya da ya yi tashe a zamaninsa. Malam Aliyu ya ga mutane sun riga sun kamu da karin, sai ya zubar da abin da ke ciki ya zuba begen Annabi da wa'azi. Wannan hikima ce da nake so masu wa'azinmu na yau su lura da ita. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da matan karkara ta hannun jajis-jajis ɗinta, domin ta san matar da ba ta iya karatu ba tana iya riƙe baiti hamsin a ka tana daka.

Wannan ya kawo ni ga ta uku, wadda ba ta da suna, ba ta cikin littafi, ba a kuma taɓa ɗaukarta a kaset ba. Waƙar niƙa ce ta Inna, Allah Ya jiƙanta. Kafin injin niƙa ya iso ƙauyenmu, tun asalatu take durƙusawa a kan dutse, kuma da karar dutsen da muryarta nake farkawa kafin ladan. Kari ɗaya ne kullum, amma maganar tana sakewa. In tana cikin jin daɗi ta yi wa 'ya'yanta kirari ɗaya bayan ɗaya. In an ɓata mata rai a gidan, to ranar habaici za a sha, ba ta kama sunan kowa ba, amma wanda ya tsargu ya san da shi ake. Mafi yawa dai garinsu take ambato, da iyayenta, da wata tsamiya da ke bakin rijiyarsu, da hanyar da aka bi da ita ranar da aka kawo ta. Tsakanin ƙauyen nan biyu bai fi tafiyar yini a ƙasa ba, amma a waƙar Inna sai ka ce bangon duniya ne. Yanzu in na so in tuna, karin yana nan daram a kunnena, kalmomin kuwa sun zube, sai ɗaya nan ɗaya can. Na haddace dubban baitoci na mutanen Bagadaza da Kurɗuba, na uwata ban riƙe cikakku guda goma ba. Haka kusan duk tsarata suke, domin a lokacin babu wanda ya ɗauki waƙar mace a kan dutse a matsayin abin rubutawa.

Sai Shata. Na san wani zai ɗaga gira a nan, amma wanda ya ce ya yi zamani a ƙasar Katsina bai san Alhaji Mamman Shata ba, to bai faɗi gaskiya ba. Mutumin Musawa ne, ya zauna a Funtuwa, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a watan Yuni na 1999 aka rufe shi a Daura. Ni ba a dandali na san shi ba, Malam ba zai bari ba. A Rediyon Kaduna na san shi, cikin shirin Zaɓi Sonka, sa'an nan a cikin a-kori-kura tsakanin Batsari da Katsina, muna zaune a kan buhuna, ƙura ta yi mana rawani, direba ya ƙure rikoda. Ra'ayina a kansa a fili yake. Waƙar da ya yi wa mashaya ba na sauraronta, ba na kuma yarda a sa ta a gidana, haka waɗanda ya yi zambo ya ci mutuncin bayin Allah. Amma Na Tsaya Ga Annabi Muhammadu, in na ji ta ko a bakin titi ne, sai na sassauta tafiya. Mutumin da sarakuna da attajirai ke tsoron harshensa, wanda a Bakandamiyarsa bai bar wa kowa komi ba, ga shi ya zo ƙofar da babu kirarin kai, ya ƙasƙantar da murya. Abin da take tuna mini kuwa shi ne ranar da mahaifina ya raka ni Katsina da akwatin ƙarfe da ƙullin garin kwaki, ita ce a motar, shi yana kallon hanya yana motsa baki. Ban taɓa jin ya yi waƙa ba kafin ranar, ban kuma sake ji ba.

Ku ma'aikata da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Ikko ko Fatakwal ko Abuja, kun san abin da nake nufi. Mutum yana iya shekara bai yi kewar gida ba, sai ya ji kalangu daga shagon wani mai shayi, nan take ƙafarsa ta yi sanyi. Ni a Alƙahira abin ya same ni, sa'ad da nake karatu a Azhar ina zaune a Madinatul Bu'us tare da ɗalibai daga ko'ina cikin duniya. A can na san Wulidal Huda, ƙasidar Ahmad Shauƙi wanda ya rasu a 1932, da muryar Ummu Kulsum. Ta rasu tun 1975, amma a lokacin da na zauna can ba ka wuce gidan shayi uku ba ka ji ta ba. Larabci ne garau, kowane harafi ya fita daga mafitarsa, har wani malaminmu na lugga yakan ce mu saurari yadda take furta baƙaƙe. Ina girmama ƙasidar, kuma nakan karantar da ita. Sai dai duk sa'ad da na ji ta a watan Maulidi a can, da kayan kiɗanta masu yawa da tafin dubban mutane, zuciyata gindin dogon yaron nan take komawa, wurin tsoho mai muryar garma.

Akwai kuma sauti biyu da ba zan ce waƙoƙi ne sosai ba, amma ba zan iya barinsu ba. Ɗaya gangar noma ce ranar gayya. Samari talatin ko arba'in su jeru a bakin kuyya, makaɗi yana binsu a baya yana kiran kowa da sunan kakansa, wanda aka zuga ya yi kururuwa ya sunkuya, ƙasa tana tashi. Gonar da mutum ɗaya zai yi kwana goma yana fama, kafin azahar an tashe ta, sau da yawa kuwa gonar tsoho ce ko ta gwauruwa mai marayu. Ɗayan kuma sarewar Fulani ce da yamma, in shanu suna fitowa daga dajin Rugu suna bin burtali. Mun yi makwabtaka da su tun kakanni. Bayan girbi su sauka a gonarmu shanu su ci kara su bar taki, matansu su kawo nono su karɓi hatsi, yaransu kuma waɗansu tare muka yi karatun allo. In na ji sarewar nan na san magariba ta kusa, a tafi a ɗauro alwala.

To, jama'a, kun san abin da ya biyo baya, ba sai na tsawaita ba. Ƙasar nan ta taɓa ganin hari a da, Ruma kanta garin mayaƙa ce da ta tsare yammacin Katsina a zamanin yaƙe-yaƙe da Maraɗi, amma abin da ya faro da satar shanu a dajin Rugu ya wuce duk abin da tsofaffinmu suka ba mu labari. A watan Mayu na 2019 aka kashe manoma 18 a 'Yar Gamji, mutane suka ɗauko gawawwakin a mota har birnin Katsina don hukuma ta gani da idonta. A watan Fabrairu na 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar, galibinsu tsofaffi da yara. A watan Afrilu na shekarar nan aka kashe mutum 47 a ƙauyukan Safana da Dutsin-ma da Ɗanmusa. A watan Satumba na 2021 gwamnati ta rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana, na tsawon watanni. Fulanin kirki da yawa su ma an kwashe musu shanu, an kashe nasu, waɗansu sun bar ƙasar. Ana lissafin rayuka da dukiya, haka ya kamata. Abin da ba ya shiga lissafi shi ne, wa zai tara samari arba'in a gona ya buga ganga, alhali ganga kiran ɓarayi ce? Wa zai kunna fitila a ƙofar gida har dare ya raba? 'Yan mata sun bar gaɗa a dandali, yara sun rage tashe da azumi. Na ga yaro ɗan shekara bakwai ya ji sarewa daga nesa ya ruga ya ɓuya a bayan uwarsa. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, domin shi abin da ya sani ke nan, ba kuwa zan iya ce masa ya yi kuskure ba.

A daminar 2019 muka je da waɗansu 'yan'uwa kai ɗan abin da ya sawwaƙa ga mutanen da suka gudo suka sauka a wata makarantar firamare a garin Batsari. A bayan wani aji na ga wata tsohuwa zaune a kan tsumma, ta rungume jikanta tana jijjiga shi, tana rera wani abu a hankali. Na tsaya cik, domin karin Inna ne, shi ɗin dai, na niƙa. Babu dutse a gabanta, babu ko tsabar hatsi. Sunayen wurare take jerawa: ƙauyensu, da unguwarsu, da tafkin da suke wanki, da gonar mijinta, da kukar da ake sallar idi a gindinta. Na gaishe ta na ce, "Iya, sannu da haƙuri." Ta ce, "Malam, ina gaya masa ne, kada ya tashi bai san inda muke ba." A nan labarin Bilalu ya faɗo mini, da duwatsunsa biyu da mashayarsa. Shekara ashirin ina fassara hadisin nan ga ɗalibai, ranar na gan shi zaune a kan tsumma.

Wani abin takaici kuma, a daidai lokacin da waɗannan suka yi shiru, waɗansu waƙoƙin suka tashi. An sami mawaƙa da suka yi wa shugabannin 'yan bindiga kirari, suna yaba yawan makamansu, waƙoƙin suna yawo daga waya zuwa waya har cikin birane, yaranmu suna ji suna kaɗa kai. A nan babu saɓanin malamai, ko Ibn Hazmi da ya fi kowa sassauci ba zai halatta yabon mai zubar da jinin Musulmi ba. Nakan yi mamakin mai wa'azin da zai ƙare sa'a guda a kan kalangun biki, bai ce uffan a kan wannan ba. Ku iyaye, musamman ku da ke saya wa yara manyan wayoyi, ku riƙa tambaya me ke ciki.

Ga wata 'yar shawara kuma, tun da wayar tana da amfaninta. Kowane ɗayanku da ya fito daga ƙauyukan nan yana da tsohuwa ko tsoho, a gida ko a gidan haya a Katsina ko Dutsin-ma inda gudun hijira ya kai su. In kun je gaisuwa, bayan an ba da goro da ɗan abin cefane, ku zauna ku roƙe su su rera abin da suka sani, na niƙa da na daɓe da na reno da na gayya, ku ɗauka. Za su yi dariya su ce wannan ai shirme ne, ku dai lallashe su. Ni na yi haka da wata gwaggona, ƙanwar Inna, kafin ta rasu. Ta yi ta noƙewa, daga baya ta ba ni kamar minti shida. A ciki na sami baiti huɗu na Inna da na ɗauka sun tafi har abada, har da wanda take yi mini kirari.

A cikin 2025 aka yi zaman sulhu a Batsari da Safana da waɗansu ƙananan hukumomi na makwabta. Mutane sun saɓa a kansa, kuma kowane ɓangare yana da hujjar da ba a raina ta, ba nan ne wurin wannan magana ba. Abin da na gani dai shi ne, a Maulidin shekarar waɗansu daga cikin mutanen ƙauyenmu da suka koma sun aiko mini cewa za su karanta Ishiriniya, ko zan zo. Na je. Ba da dare aka yi ba, bayan la'asar aka zauna, da sharaɗin a tashi kafin magariba. Dogon yaron yana nan, gidan liman kuwa rabinsa ya zube. Mu goma sha ɗaya ne, a wurin da a da tabarma ba ta isa. Aka rasa mai jan baƙi, kowa yana tura wa ɗan'uwansa, sai wani saurayi, jikan tsohon nan, wanda ya yi shekara biyar yana tura baro a kasuwar Katsina, ya ce zai gwada. Ya yi tuntuɓe a wurare da dama, ina gyara masa a hankali. Karin kuwa na kakansa ne sak, ban san inda ya riƙe shi ba, domin yana ƙarami ƙwarai tsohon ya rasu. Muka karanta harafi uku, rana ta yi ja, liman ya yi addu'a, kowa ya ɗauki takalminsa. Saurayin ya tambaye ni ko zan bar masa littafina zuwa baɗi, na bar masa.